Wasiƙa daga San-Deni: Wurin Mai Moto a Cikin Cunkoso

San-Deni, Faransa
Fabrairu 2025

Ƙanena,

Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da duk mutanen gida. Yaya ƙarfin jikin Inna? Yaya ɗari? Na san yanzu hazo ya rufe Baudeta, da asuba kowa na gindin wuta. Mu ma muna cikin namu sanyin, irin mai shiga ƙashi, rana ba ta leƙowa sai wajen ƙarfe takwas, shida na yi kuma ta faɗi. Lafiya dai lau, alhamdu lillahi.

Na ga bidiyon da ka turo mini ta WhatsApp, na kuma saurari muryarka har ƙarshe. Ka ce abokan aikinka a tashar kabu-kabu ta Maraɗi suna ta murna, wai Faransa ta halatta wa masu moto kutsawa tsakanin motoci, to a kan me kuma ɗan sanda zai tsare mutum? Na so in amsa maka da murya, sai na ga maganar ta fi ƙarfin saƙon minti biyu. Shi ya sa na zauna na rubuta, in ka zo gida Baudeta ka samu wuri ka karanta a tsanake, in ka koma kuma ka karanta wa na tasharku.

Labarin gaskiya ne. Ran 9 ga Janairun 2025 gwamnati ta fitar da dokar, ran 11 ta fara aiki a duk faɗin ƙasa. Ni da nake cin abinci a bisa moto, ina yawo da takardu da kwalaben gwajin jini tsakanin asibitoci da ɗakunan awo, na yi farin ciki ƙwarai. Sai dai abin da aka halatta nan ya sha bamban da abin da ake yi a bakin babbar kasuwar Maraɗi, kuma ina tsoron rabin labari ya ƙara wa yaran tasharku ƙarfin hali a wurin da ƙarfin hali ke kai mutum kushewa.

Ga yadda dokar take. Ba kowace hanya ta shafa ba. Sai babbar hanya mai hannu biyu, wadda aka raba masu tafiya da masu dawowa da katanga ko shinge a tsakiya, kowane hannu yana da layi biyu ko fiye, kuma an yarda mota ta yi gudun kilomita 70 a awa ko sama da haka. An haɗa da hanyar zoben da ta kewaye Paris, wadda kowa ke ce wa Ferif, duk da magajiyar gari ta lokacin, Anne Hidalgo, ta rage gudunta zuwa 50 tun Oktoban 2024. A irin waɗannan hanyoyin ma sai cunkoso ya kama dukkan layuka, motoci sun yi jerin gwano babu yankewa. Sannan wuri ɗaya tak aka ba mai moto, tsakanin layuka biyun da ke can ƙarshen hagu. Ba zai wuce 50 ba, in kuwa ɗaya daga cikin layukan ya tsaya cik, ba zai wuce 30 ba. Ba ya tsere wa ɗan'uwansa mai moto da ke gabansa a cikin wannan lungun. In ana aikin hanya, ko ƙanƙara ta kwanta a ƙasa, babu zancen shiga. Da zarar motoci sun sake, sai ya sa sigina ya koma cikin layi kamar kowa. Wanda ya karya, tarar yuro 135 ce, wato sefa jika 88 da 'yan kai, a kuma cire masa maki 3 daga cikin 12 na permi. Mu masu aiki da moto, makin ya fi kuɗin yi mana ciwo, don ran da suka ƙare, aikin ma ya ƙare.

To ɗauki wannan ma'auni ka aza a kan hanyoyinmu. Kwaltar da ta taso daga Maraɗi ta ratsa Gazawa da Tasawa ta nufi Damagaram layi ɗaya ce zuwa, ɗaya dawowa, babu komai a tsakiya. Wanda ya kutsa tsakanin tirela da motar da ke tahowa a wannan hanya, ko a nan Faransa babu dokar da ta tsaya masa. Titunan cikin gari ma ba sa cikin sabuwar dokar. Idan na tsaya a fitilar hanya a tsakiyar Paris na ratsa motoci don in kai gaba, ɗan sanda na da ikon rubuta ni, jiya da yau duk ɗaya.

Abin da ya fi dokar kanta ɗaukar hankalina shi ne hanyar da aka bi kafin a kai gare ta. Shekara da shekaru masu moto na Paris suna bin tsakanin motoci, kowa na gani, doka kuwa ba ta san da zancen ba. Ɗan sanda in ya ga dama ya kau da kai, in ya ga dama ya rubuta maka laifin wucewa ta dama ko rashin barin tazara. In tsautsayi ya faɗa, wajen biyan diyya a ce ai kana inda bai kamata ka kasance ba. Makarantun koyon tuƙi kuma ba su da damar koyar da abin da babu shi a littafi, sai yaro ya karɓi permi ya shiga Ferif ya koya da jikinsa. Ƙungiyar masu moto ta FFMC, wadda aka kafa tun 1980, ta daɗe tana matsa lamba a kan a daina wannan zaman na ba a hana ba, ba a yarda ba.

Ran 1 ga Fabrairun 2016 aka fara gwaji a gundumomi 11, takwas na yankin Paris da na biranen Marsai da Bordo da Liyon. Shekara biyar ana kallo, ana ƙirge. Da wa'adin ya cika a Janairun 2021, Cerema, cibiyar gwamnati mai binciken hanyoyi, ta fito da sakamakon da bai yi wa masu moto daɗi ba. Haɗurran masu ƙafa biyu sun ƙaru da kashi 12 cikin 100 a hanyoyin gwajin, alhali a sauran hanyoyin waɗannan gundumomi sun ragu da kashi 10. An kuma gano fiye da rabin masu bin lungun ba sa kiyaye iyakar gudun da aka sa musu. A lokacin kowa ya ɗauka magana ta mutu. Amma hukuma ba ta ɓoye alƙaluman ba, ba ta kuma rufe maganar ba. Ta gyara sharuɗɗa, ta kafa alluna a bakin hanya, ta sa abin cikin karatun masu neman permi, na mota da na moto, sannan ta sake wani gwajin daga Agustan 2021 a gundumomi 21. Daga farkon gwaji zuwa doka, shekara tara aka yi.

Akwai waɗanda har yau ba su yarda ba, kuma ba zan ce ba su da hujja ba. Masu moto a Faransa ba su kai kashi 2 cikin 100 na zirga-zirga ba, amma cikin mutum biyar da suka mutu a hanya, ɗaya ko fiye mai moto ne. Jamus da ke maƙwabtaka ba ta halatta ba. Ni dai a ganina Faransa ta yi daidai. Mai moto da ya tsaya a wutsiyar cunkoso, mota a gabansa, wata na tahowa a baya da direban da idonsa ke kan waya, babu abin da ya kare shi sai rigar jikinsa. Kuma abin da dubban mutane ke yi kullum safiya, wanda duk 'yan sandan ƙasar ba za su iya hanawa ba, gara a yi masa iyaka a koyar da shi da a bar shi a duhu.

Bari in kai ka Ferif ka gani da idona. Tsawonta kilomita 35 ne, motoci fiye da miliyan ɗaya ke binta a rana. Ina shigarta ta ƙofar arewa, wajen La Shafel, ƙarfe bakwai da rabi gari bai gama wayewa ba, jajayen fitilun birki sun miƙe iya ganinka. Sai in sa sigina in tsallaka layi ɗaya bayan ɗaya har in kai lungun hagu. Abin da zai ba ka mamaki, motocin layin ƙarshe sun riga sun raɓe jikin katanga, na kusa da su sun ɗan karkata dama, an bar wata 'yar hanya a tsakiya da babu wanda ya zana ta da fenti. Madubin wannan na wuce kafaɗata ta hagu, na wancan ta dama, wani lokaci tazarar ba ta fi tafin hannu biyu ba. Yatsuna biyu kullum suna kan birki. Ba na kallon fuskar direba, tayarsa ta gaba nake kallo, don taya ce ke fara faɗin abin da mutum zai yi. In direba ya hango ni a madubi ya ƙara matsawa, ina wucewa sai in miƙe ƙafar dama, haka masu moto na nan ke cewa na gode, tunda hannu ba ya sakin totur.

Wurin da ya fi haɗari shi ne inda ka ga sarari. In layi ɗaya ya buɗe gurbin mota guda, to ka tabbata wani a ɗaya layin ya gani, kuma zai faɗa ciki ba tare da ya waiwaya ba. Wani abokin aikina, mutumin Mali, a irin wannan gurbin mota ta tsinke masa, gwiwarsa ta daki ƙofa, ya yi watanni yana dogara sanda. Da na je duba shi ya ce mini motocin a tsaye suke, shi kuwa yana kan 60. Lissafin ba wuya gare shi ba. Mai gudun 30 yana cin mita 8 a daƙiƙa ɗaya, mai gudun 50 kusan mita 14. Daƙiƙar nan guda ita ce tsakanin ganin ido da kama birki. Kafin hannunka ya motsa ka riga ka wuce tsawon mota uku.

Ƙasashe da dama da suka zauna suka yi nazari, a kan wannan tazarar gudun suka tsaya. Beljiyam ta halatta tun 2011, ta ce kada ka wuce 50, kada kuma ka fi motocin da kake ratsawa da sama da 20. Jihar New South Wales ta Ostareliya ta sa 30 a 2014. A Kaliforniya ta Amurka, kafin dokarsu ta fara aiki a Janairun 2017, wani malamin jami'ar Berkeley, Thomas Rice, ya bi diddigin haɗurran moto kusan 6,000 ya fitar da sakamako a 2015. Ya samu waɗanda haɗari ya rutsa da su suna tsakanin layuka ba a cika bugunsu ta baya ba, raunin kai ma bai kai na sauran ba, amma da zarar gudunsu ya haura na motoci da kamar kilomita 24 a awa, sai raunuka su fara muni.

Ka san burtalin da ya ratsa gonakinmu. Tun da aka yi dokar karkara ta 1993, kwamitocin ƙasa suka riƙa bi suna kafa wa burtali turaku, manomi ya san inda garmarsa za ta tsaya, makiyayi ya san inda shanunsa za su bi. Shanu ba su daina wucewa ba, amma inda turakun suka tsaya da kyau rigima ta ragu, don kowa ya san ta inda za a ɓullo. Lungun nan na Ferif haka yake. Direban mota ya san ta gefe ɗaya mai moto zai zo, da gudun da bai wuce kaza ba, don haka madubi ɗaya zai duba. A bakin kasuwar Maraɗi kuwa, ko Tasawa ranar kasuwa, direba na da moto ta dama, moto ta hagu, wani ya taho masa gaba da gaba a hannun da ba nasa ba, ga adaidaita, ga amalanke, ga mai tura ruwa. Ko ido huɗu gare shi ba zai gan ku duka ba.

Ba laifin 'yan kabu-kabu kaɗai nake gani ba, kada ka ce yayanka ya je Turai ya manta. Na san fasinja ne ke zungurinka a baya yana cewa yi sauri. Na san mai moto na jiran kuɗinsa da yamma ko ka samu ko ba ka samu ba. Na san in babu ku, mai naƙuda daga ƙauyukanmu ba za ta isa asibitin Tasawa ba sai a amalanke, a cikin yashin da ƙaramar mota ba ta shiga. Abin da ke ci mini rai shi ne hukumominmu, mu da maƙwabtanmu, hanya biyu kawai suka sani game da mai moto: ko a kau da kai a bar shi ya yi yadda ya so, ko a wayi gari a hana shi gaba ɗaya. Kano ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Difa ta hana moto a 2015, sassan Tillaberi a farkon 2020, Legas ta kori okada daga ƙananan hukumomi shida a Yunin 2022. Ban raina dalilin tsaro ba. Wanda ya san abin da 'yan bindiga a bisa moto suka yi wa mutanen Madarunfa da Gidan Runji ba zai raina shi ba. Amma a garin da ake zaman lafiya, tsakanin sakaci da hani akwai fili mai faɗi, kuma ba mu taɓa shigarsa da gaske ba.

Ba sai an zo Turai za a ga misali ba. A Kigali ta Ruwanda, ɗan kabu-kabu na da riga mai lamba da hular kwano biyu, tasa da ta fasinja. Ka je Kwatano ka ga masu zemijan da rigarsu ruwan ɗorawa, lamba a baya, in ya yi maka ba daidai ba ka san wanda za ka kai ƙara. A Wagadugu manyan tituna na da hanyar masu ƙafa biyu a gefe. Nan Paris ma akwai kabu-kabu, manyan Honda Goldwing da ke kai 'yan kasuwa filin jirgin Orly. Sai mutum na da katin sana'a daga hukuma, fasinja kuma ana ba shi hula da safar hannu da riga kafin ya hau. Duk waɗannan sun fara ne daga abu ɗaya, hukuma ta yarda cewa mai moto na nan kuma ba inda za shi, sannan ta zauna da shi.

Da sandikanku za ta je wa hukumar gari da magana, ni abin da zan so ta roƙa kaɗan ne. A tsayar da gefe ɗaya da moto zai riƙa wuce motoci in hanya ta cushe, a sanar da direbobi a tashoshinsu da gidajen rediyo, a sa iyakar gudu a kewayen kasuwa da makarantu, wanda ya bi hannun da ba nasa ba kuma a hukunta shi da rasit, kuɗin su shiga asusu. A gwada a titi ɗaya ko biyu na shekara guda, a sa ma'aikatan asibiti su riƙa rubuta waɗanda aka kawo da inda suka faɗi. Wannan ba ya bukatar kwalta sabuwa. Littafi ne da alƙalami da mutanen da za su faɗi abin da suka ƙirga ko da bai yi daɗi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba. Namu na ciki, sai dai da yawansu a ƙauye ake binne su babu wanda ya rubuta.

Kafin hukuma ta motsa, kai nake ji. Kai ne ke ɗauke da gidan nan tun rasuwar Baba, ni sai aike. In motoci sun tsaya za ka ratsa, yi tafiyar da in yaro ya fito daga bayan mota za ka iya tsayawa, don a wurinmu mai ƙafa ne ke ɓullowa tsakanin motoci, abin da babu shi a Ferif. Kada ka raɓi tirela, musamman ta damanta ko dab da hancinta. Nan tun Janairun 2021 doka ta tilasta wa duk babbar mota liƙa wata takarda mai ja da rawaya a ƙofofinta da bayanta, mai nuna wuraren da direba ba ya ganin kowa. In ba ka ga fuskarsa a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba. Ka tuna faɗinka ba na moton ba ne kaɗai: gwiwar fasinja ta fi kan moto fitowa, buhun wake da ka ɗaure a baya ya fi su duka. In mace ta hau, ka tsaya ta tattare zanenta da bakin hijabinta kafin ka tashi, kada sarƙa ko wayoyin taya su kama. Mai goyo kuwa, ko za ka rasa fasinja biyu a dalilinta, bi layi da ita a hankali.

Na aiko maka da kuɗi ta hannun wanda muka saba. Jika talatin na Inna ne, na cefanen azumi tunda ya ƙarato. Sauran ka sayi hular kwano biyu masu kauri, masu maɗauri a haɓa, ba irin ta roba da ake sawa don ganin ɗan sanda ba. Na san za ka ce zafi, fasinja kuma zai ce ba ya sa hular da wani ya sa. Nan ana ba fasinja 'yar hular yadi marar nauyi ya sa a ciki, tela zai ɗinka maka goma da kuɗi kaɗan, ka riƙa wankewa. Abin da ya rage ka canja takalmin birki na gaba da na baya, ka kuma mayar da madubin da na gani a hoto ka cire.

Ka rubuto mini abin da mutanen tasha suka ce, da ko shugaban sandikanku zai yarda a kai maganar gaba. In yana so, zan fassara masa sharuɗɗan dokar nan ɗaya bayan ɗaya da Hausa in turo, ya ga abin da zai yi amfani a Maraɗi da wanda ba zai yi ba. Ka faɗa mini kuma nawa tiyar gero take yanzu a kasuwar Tasawa, in san ko abin da na aiko zai kai salla.

Ka gaishe da Inna da kyau, ka ce ta ci gaba da sa mu a addu'a. Ka gaida Kawu da Gwaggo, da mai ɗakinka da yara, da liman da mutanen unguwa baki ɗaya. Allah ya tsare hanya, ya kai mu azumi lafiya.

Wassalam,
Yayanka